Kafin A Ɗauki Rancen Akwati Don Koyon Kwamfuta



A zagayen da nake yi wa ƙungiyoyinmu na Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi, akwai wata buƙata da ta fara yawa a wajen neman rance. A da in mace ta ɗaga hannu ranar taro, ko dai jarin ƙuli-ƙuli take nema, ko kuɗin taki, ko na sayen tunkiyar kiwo. Yanzu kuwa da zarar yara sun gama jarrabawar WAEC da NECO sai ka ji uwa ta ce, "Ina so in sa yarinyar nan makarantar kwamfuta, kada ta zauna haka." Niyya ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Sai dai kuɗin da ke cikin akwatin nan guminmu ne, naira ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar muka tara shi, don haka ya kamata mu san abin da za mu saya da shi.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada ku ce ina yi muku wa'azin abin da ban ɗanɗana ba.

'Yar yayata ce, a hannuna ta tashi. Da ta gama sakandare na ga wani allo a bakin titi an rubuta cewa ana ba da difloma ta kwamfuta cikin wata uku. Ban shiga ciki ba, ban tambayi kowa ba. Na ɗauki rance a ƙungiyarmu, na haɗa da kuɗin akuyar da na sayar, na biya gaba ɗaya. Wata uku yarinya tana zuwa tana dawowa. Aka yi bikin yaye su, aka ba ta takarda mai zanen zinare a gefe, har muka sa ta a gilashi muka rataye a ɗaki. Bayan 'yan watanni wata makarantar kuɗi ta nemi mai shigar da sakamakon jarrabawar yara. Shugaban makarantar ya karɓi takardar, ya duba, ya ajiye a gefe, ya nuna mata kujera ya ce, "Ga sunayen yara goma da makinsu, haɗa min jimla ki fitar da na ɗaya zuwa na goma." Yarinyar nan ta zauna tana kallon kwamfuta, kwamfuta tana kallonta. Ta dawo gida tana kuka. Sai a ranar ta gaya min su shida ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma yawancin ranaku babu wuta, a allo malamin yake zana musu abin da za su danna su kwafa a littafi. Ni kuwa sai da na yi wata huɗu ina biyan bashin. Laifina ne, na sayi kifi a ruwa.

Mene ne ake koya?

In an ce kwamfutar ofis, yawanci abubuwa uku ake nufi, duk na kamfanin Microsoft. Na farko Word, da shi ake buga wasiƙa, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa, katin gayyata da makamantansu. Na biyu Excel, shi ne na lissafi. Ku ɗauke shi kamar littafin da magatakardarmu ke rubuta zubin kowa a ciki, layi-layi da gida-gida, sai dai shi da kansa yake haɗa jimla, in kin gyara lamba ɗaya sai duk lissafin ya gyara kansa. Na uku PowerPoint, wanda ake haska bayani da shi a bango lokacin taro ko bita.

Bayan waɗannan akwai ƙananan abubuwa da mai aiki ba ya ma tambaya, don yana ɗauka duk wanda ya ce ya iya kwamfuta ya san su: buga rubutu da yatsu duka ba da ɗan yatsa ɗaya ba, aika imel da liƙa masa takarda, fitar da takarda a firinta, ɗaukar hoton takarda a sikana, cike fom a intanet, da adana aiki inda za a same shi gobe. A ƙasarmu kuma akwai ƙari guda: iya buga Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Wadda ta iya wannan za ta bambanta "ƙasa" da "kasa" a takarda, kuma makarantun Islamiyya da ƙungiyoyi suna son irinta.

In za ku tambaye ni wanne ya fi kawo aiki, zan ce Excel. Masu iya buga wasiƙa suna da yawa. Wadda za ta riƙe lissafin shago ko sakamakon aji ba tare da kuskure ba, ita ce ake nema.

A fara da tambayar mai ɗaukar aiki

Ba a kai kaya kasuwa sai an san abin da ake saye. Kafin ki je wajen mai koyarwa, fara zuwa wajen wanda kike fatan zai ɗauki 'yarki. A yankinmu su waye? Makarantun kuɗi da na Islamiyya da ke buga jarrabawa da sakamako kowane zango. Shagunan buga takardu da ke kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma, da na kusa da manyan makarantu kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, inda ɗalibai ke kawo aikinsu a buga musu. Asibitoci da ɗakunan shan magani da ke tura rahoton wata-wata. Manyan shagunan magani da na taki. 'Yan kasuwar hatsi na Dawanau da ke lissafin buhuna da motoci. Sai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ɗaukar matasa aikin tattara bayanai gida-gida da waya.

Ki samu biyu ko uku daga cikinsu, ko ki aiki maigida ko wani ɗanki. Tambayoyin ba su da yawa: "In za ku ɗauki ma'aikaciya, me kuke so ta iya? Kuna gwada ta? Waɗanda kuka ɗauka kuka ji daɗinsu, a ina suka koya?" Amsar tambaya ta ƙarshe ta fi kowane allon talla. In mutum uku suka ambaci wuri ɗaya, to kin samu bakin zare.

Ko yarinyar da za ta ci gaba da karatu tana buƙatar wannan ilimi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Na sha ganin yara masu ƙoƙari da suka ruɗe a ɗakin jarrabawa don ranar ce suka fara taɓa linzamin kwamfuta.

Takarda ba iri ɗaya ba ce

A nan ne aka fi cutarmu, don mu in mun ga takarda mai tambari sai mu ɗauka shi ke nan.

Akwai takardar da mai shago ko ƙaramar cibiya ke bugawa da kansa. Ba haramun ba ce, shaida ce cewa yarinya ta halarta. Amma darajarta daidai take da sunan wurin. In an san wurin da fitar da ƙwararru, za ta yi amfani. In ba a san shi ba, ado ce kawai.

Akwai kuma kalmar difloma. Diflomar da gwamnati ta sani, wadda ake kira ND, karatun shekara biyu ne a kwalejin fasaha kamar Kano Poly, kuma hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tantance kwasa-kwasan. A irin waɗannan kwalejoji akwai kwas ɗin fasahar ofis da gudanarwa, wanda a da ake kira kwas ɗin sakatare. Wadda mai cibiya ya kira difloma ta wata uku ko shida suna ne kawai ya ba ta. Ba za a ɗauki mutum aikin gwamnati a matakin mai ND da ita ba. Duk wanda ya ce miki ɗaya suke, ki tashi ki kama hanya.

Sai takardun da ake samu bayan jarrabawar da wani daban ya shirya, ba malamin da ya koyar ba. A Najeriya akwai jarrabawar NABTEB ta fannin sana'a da kasuwanci, akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A duniya akwai MOS ta kamfanin Microsoft, da ICDL, waɗanda ake zama a gaban kwamfuta a yi aikin a aikace, a ci ko a faɗi. Sun fi tsada, kuma sai a cibiyar da aka amince mata, galibi a birni. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasashen waje sun san su. Amma gaskiyar magana, mai makarantar kuɗi a garinmu ba zai tambaye su ba, kujera zai nuna mata. Shawarata, a fara da koyon aikin sosai. In ta samu aiki ta fara samun nata, ta biya wa kanta babbar jarrabawa.

Kada kuma a manta da na kyauta. Hukumar NITDA ta tarayya, da cibiyar DBI da ke da reshe a Kano, da ƙungiyoyi irin su CITAD, sukan shirya horo, wani lokaci na mata zalla. Ana sanarwa a rediyo. Ku sa kunne, ku kuma gaya wa jami'ar da ke zagayo muku ta riƙa kawo muku labari.

Gani ya kori ji

Kada a biya ko sisi sai an je an gani. Ku je ku biyu, uwa da wata 'yar ƙungiya, tare da yarinyar. Ku je ba tare da sanarwa ba, a lokacin da ake cikin darasi. Ba sai kin iya boko za ki gane abubuwan nan ba.

Ki ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ba waɗanda aka jera aka rufe da ƙyalle ba. Sannan ki ƙirga ɗalibai. Ga lissafin: a ce darasi awa 2 ne, sau 3 a mako, har mako 12, wato zuwa 36. In kowace yarinya da kwamfutarta, ta samu awa 72 hannunta a kai. In su 20 ne a kan kwamfuta 5, kowace rabin awa take samu a rana, awa 18 ke nan a duk wata ukun. Kuɗi ɗaya kuka biya, amma ɗaya ta samu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗayar ta samu. Ɗaliba ɗaya a kwamfuta ɗaya shi ne daidai. Biyu za a iya haƙuri. Fiye da haka, a'a.

Ki tambayi wuta. Kun san halin wutarmu. Akwai sola? Akwai janareta, kuma wa ke sayen mai? In an ɗauke wuta ranar darasi, ana rama wa yara ko ta wuce ke nan?

Ki dubi abin da yaran ke yi. In kin ga kowa ya duƙufa a kan littafi yana kwafar allo, kwamfuta na gefe, to irin wurin da na kai 'yar yayata ne. Kwamfuta kamar ɗinki take ko tuƙin tuwo, a hannu ake koyonta.

Ki nemi a ba ki tsarin darasi a rubuce, mako-mako. Ki kai wa wani malamin makaranta ya duba miki mako nawa aka ba Excel. In mako ɗaya ne a ƙarshe, bai isa ba. Yarinyar kuma ta tambaya wane Office ne a kan kwamfutocin. In na 2007 ne, ya tsufa ƙwarai, gara na 2016 zuwa sama.

Ki tambaya ko ana jarrabawa a aikace kafin a ba da takarda, kuma ko an taɓa samun wanda ya faɗi. Wurin da kowa ke ci, ba jarrabawa ake ba, sayar da takarda ake.

Ki ce a haɗa ki da tsofaffin ɗalibai biyu da ke aiki yanzu. Mai gaskiya zai yi murna da wannan tambaya. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ki amsa.

Sannan ki duba wurin da idon uwa. A bakin hanya yake ko a lungu? Akwai malama mace, ko wasu 'yan mata a ajin? Akwai banɗaki da wurin salla? Ƙarfe nawa ake tashi, za ta iso gida kafin magariba? In da hali a haɗa 'yan mata biyu ko uku daga gari ɗaya su riƙa tafiya tare. Hankalin iyaye maza ya fi kwanciya da haka, kuma yaran za su riƙa tuna wa juna darasi a hanya. Matan aure da ke son koya su ma su tambaya ko akwai ajin safe bayan yara sun tafi makaranta, kuma a yi shawara da maigida tun kafin a biya, kada a fara a tsaya a tsakiya.

Lissafin kuɗi da maganar rance

Kuɗin da aka rubuta a allo ba shi ne duka ba. Ga misali, lambobin nawa ne, ku sa na garinku a madadinsu. A ce kuɗin kwas ₦30,000. Kuɗin mota ko babur zuwa da dawowa ₦1,000, sau 36, ya zama ₦36,000. Takardun darasi da filashi ₦5,000. Kuɗin jarrabawa da satifiket ₦5,000. Jimla ₦76,000. Kun ga kuɗin hanya ya ma fi kuɗin makarantar. Shi ya sa wuri mai ɗan tsada a kusa yakan fi mai araha a nesa sauƙi. Wata kuma gara yarinya ta zauna wajen gwaggonta a cikin gari har ta gama.

Yanzu mu dawo kan dokar akwati. Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne rance na fita yana dawowa a kan lokaci. Mace ba ta ɗaukar fiye da ninki uku na abin da ta zuba, kuma cikin 'yan watanni take biya. Wadda ta tara ₦15,000, iyakarta ₦45,000, bai kai ₦76,000 ba. Ragowar daga ina? A amsa wannan tun kafin a fara.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Rancen gyaɗa yana biyan kansa: kin saya, kin matse mai, kin sayar, kin mayar. Rancen karatu ba ya biyan kansa cikin wata uku. Lokacin da biya zai zo yarinya ba ta ma gama ba, balle ta samu aiki. Don haka duk wadda ta nemi wannan rance, ƙungiya ta tambaye ta cikin mutunci, "Yaya, da wace sana'a za ki biya?" In tana da amsa, madalla. In amsar ita ce "in yarinya ta samu aiki", to a ba ta shawara ta jira rabon ƙarshen zagaye ta biya da kuɗinta na kanta, ko ta jira kaka in an sayar da gyaɗa da wake. Makarantar ba za ta gudu ba. Kuɗin asusun taimakon juna kuma na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa, kada a taɓa shi don wannan.

Wajen biya, ki nemi a raba miki biyu ko uku. Ki ba da kashin farko, bayan mako uku ki ga abin da yarinya ta iya, sannan ki cika. Kowane biya a ba ki rasit mai sunan wurin da kwanan wata. Ki tambaya tun farko ko akwai wani kuɗi da zai ɓullo daga baya, musamman na karɓar satifiket da na bikin yaye ɗalibai.

Hattara da masu alkawarin aiki

Mai koyarwa na gaskiya zai ce miki zai koya mata aiki. Ba zai ce zai ba ta aikin gwamnati ba. Duk wanda ya ce ki ƙara kuɗi ya sama mata gurbi a wata ma'aikata, ko ya ce a kawo lambar BVN da lambar sirrin katin banki don a yi mata rajistar tallafi, ki riƙe jakarki da kyau. Lambar sirri ko ma'aikacin banki ba a ba shi.

Bayan an gama

Hannun da ba ya aiki yana mantuwa. Yawancinmu ba mu da kwamfuta a gida, to sai a yi dabara. A roƙi mai shagon buga takardu ta riƙa taya shi aiki na wata ɗaya ko biyu ko da ba biya, kamar yadda ake zaman koyon ɗinki. A tambayi cibiyar tun farko ko tsofaffin ɗalibai na iya dawowa su yi gwaji. In akwai babbar waya a gidan, ana sa mata Word da Excel, ba ta kai kwamfuta ba amma ta fi babu.

Mu ma a ƙungiya muna da aikin ba ta. Ta ɗauki littafin zubinmu na wata guda, ba tare da sunaye ba, ta shigar a Excel, ta fitar da jimla, mu gwada da abin da masu ƙirga kuɗi suka samu. In ya yi daidai, ta iya. Ta buga wasiƙa ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, da jadawalin lissafi ɗaya, ta sa a fayil. Ranar neman aiki ta tafi da su tare da satifiket ɗin.

'Yar yayata dai daga baya na sake sa ta a wani wurin, bayan na je da ƙafata har sau biyu na ƙirga kwamfutoci. Ɗaki ne ƙarami, babu ko allon kirki a waje, amma da sola, kuma kowace yarinya da kujerarta. A rabon ƙarshen shekara na biya, ban ci bashi ba. Yau ita ke haɗa sakamakon jarrabawa a wata makaranta, ita ke saya wa kanta sabulu da man shafawa, har ta shiga ƙungiya tana zubi.

Abin tattaunawa a taro na gaba

Magatakarda ta karanta waɗannan tambayoyi bayan an rufe akwati, kowa ta faɗi ra'ayinta:

1. Su waye a garinmu da kewaye suke ɗaukar wanda ya iya kwamfuta, kuma wa zai je ya tambaye su abin da suke so?

2. Wuraren koyo nawa muka sani kusa da mu? Waɗanne mata biyu za mu wakilta su je su gani su kawo mana rahoto?

3. 'Yan mata nawa ne a gidajenmu suke son koya? In muka kai su tare, za mu iya neman ragi?

4. Me dokar ƙungiyarmu ta ce game da rancen karatu? In ba ta ce komai ba, me muke so mu rubuta?

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, Ya raya mana zuri'a.